Tsakanin Kaset da Intanet: Ra'ayina a Kan Tsofaffi da Sababbin Wasannin Gem

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin masu buga gem. Manya, waɗanda suka taso da kaset ɗin Super Mario da Contra, suna cewa wasannin yanzu kyan gani ne kawai, babu armashi a cikinsu. Matasa kuma, waɗanda suka buɗi ido da PlayStation 4, idan suka kalli waɗancan tsofaffin hotuna masu kusurwa-kusurwa sai su ce ai ƙuruciyarsu manyan suke kewa, ba wasan ba. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, na kuma buga wasannin zamunnan biyu gwargwadon abin da aljihu da lokaci suka ba ni dama, abin da na fahimta kuwa shi ne ba a nan gizo ke saƙa ba. Ta fuskar gwaninta da yalwa, wasannin yau sun yi wa na da fintinkau. Abin da ya ɓaci shi ne sharaɗin da ake sayar mana da su a kansa. A da idan ka sayi wasa ya zama naka, ka buga shi da wanda ke zaune kusa da kai. Yau kuwa kuɗi mai tsoka kake biya don a ba ka izinin bugawa, muddin kana da wuta da intanet da hanyar biyan dala, kuma muddin kamfanin bai sauya shawara ba.

Bari in fara da ba tsofaffin haƙƙinsu, domin suna da shi. Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto, wanda ya fara da buga katin karta tun 1889, ya fitar da na'urarsa ta Famicom a Japan a 1983, sannan ya fitar da Super Mario Bros. a 1985. Duk wannan wasa, da matakansa 32 da kiɗansa da dodanninsa, bai wuce kilobait 40 ba, wato hoto guda da ake turawa a waya yakan fi shi nauyi. Ƙarancin wuri ya tilasta wa Shigeru Miyamoto, wanda ya tsara wasan, da abokan aikinsa yin dabara a kowane lungu. Wanda ya lura da kyau zai ga cewa gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Hular Mario da gashin bakinsa ma, tun daga wasan Donkey Kong na 1981, an sa su ne saboda ɗigon hoton bai isa a zana suma da baki yadda za a gane su ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda matakin farko yake koyar da mutum ba tare da an ce masa uffan ba. An tsayar da Mario a gefen hagu, gabansa fili fetal, don haka hannu da kansa yake tura shi dama. Can sai ga wani ɗan dodo yana tahowa a hankali. Idan ka bari ya taɓa ka, ka mutu, daga nan ka gane cewa tsalle ake yi. A saman kanka akwai tubala masu alamar tambaya suna ƙyalli, ka bugi ɗaya da ka sai naman kaza ya fito, ya gangara ƙasa, ya bugi bututu ya juyo kanka a daidai wurin da kauce masa yake da wuya. Kana tsammanin mutuwa ce ta zo, sai ka ga ka ƙara girma. Kafin minti ɗaya ya cika ka san dokokin wasan gaba ɗaya, babu rubutu, babu mai bayani. Shi ya sa yaron da bai iya Turanci ba, balle Japananci, yake iya wasan a ranar da ya fara riƙe hannun gem. Da yawa daga cikin manyan wasannin yau sai sun shafe tsawon lokaci suna tsayar da kai suna karanta maka darasi kafin su sake ka, kuma a ganina wannan koma baya ne a sana'ar.

Gaskiya ce cewa yawancin abin da ya iso kasuwanninmu ba na Nintendo ba ne na asali. Kwaikwayo ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, tare da kaset-kaset masu ruwan ɗorawa da aka rubuta wa cewa akwai wasa dubbai a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sunaye daban-daban. Duk da haka a cikin waɗannan 'yan kaɗan ɗin akwai wasan tankokin yaƙi da mutum biyu suke tsare gida ɗaya, akwai harbin agwagi da bindigar roba, akwai Contra da wa da ƙani suke shiga daji tare, kowa yana jin haushi idan ɗan'uwansa ya yi gaba ya bar shi a baya. Kaset abu ne da ake riƙewa a hannu. Ana ba da aronsa, ana musayarsa, ana sayar da shi idan an gaji, idan ya ƙi kamawa a zare a hura masa iska a mayar. Ba ya neman sunanka, ba ya neman lambar sirri, kuma wanda ya adana nasa da kyau zai iya kunna shi yau ya same shi yadda ya bar shi shekara talatin da suka wuce.

Sai dai ba na tare da masu cewa komai na da zinari ne. Waɗanda muke tunawa su ne waɗanda suka tsira saboda kyansu, tarkacen da suka fi su yawa kuwa mun manta da su. Tarkacen nan har sun taɓa durƙusar da kasuwar baki ɗaya a Amurka a 1983, lokacin da shaguna suka cika da wasanni marasa inganci jama'a suka daina saye. A shekarar ne kamfanin Atari ya kwashi kaset-kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka yi ta ɗaukar labarin almara har sai da aka tono su a 2014. Ita kanta wahalar tsofaffin wasanni da ake yawan yabawa, ba kullum take fitowa daga hikima ba. Da yawansu sun samo asali ne daga injinan da ake jefa wa kwabo a shagunan wasa, inda ribar mai inji ita ce ka mutu da wuri ka sake jefa wani. Da aka dawo da su gida sai wahalar ta zama hanyar ja wa ɗan gajeren wasa tsawo. Ga shi yawancinsu ba su da wurin adana inda ka tsaya. Duk wanda ya taɓa kaiwa matakin ƙarshe bayan awanni sannan aka ɗauke wuta ya san cewa wannan ba tarbiyyar haƙuri ba ce, gazawar na'ura ce. Contra ma, da rayuka 3 da yake bayarwa, mutane ƙalilan ne suka ga ƙarshensa ba tare da sirrin nan na danne-danne da ke mayar da su 30 ba.

A wurina lokacin da abubuwa suka fi daidaita shi ne zamanin PlayStation ta farko da ta biyu. Sony ya shigo harkar ne bayan yarjejeniyarsa da Nintendo ta wargaje a 1991, ya fitar da tasa na'urar a Japan a watan Disamba na 1994, aka sayar da fiye da miliyan 100. PlayStation 2 ta biyo baya a 2000, ta haura miliyan 155, har yau babu na'urar gem ta gida da aka tabbatar ta kamo ta. Faifai ya maye gurbin kaset, wuri ya yalwata, aka samu murya da labari da hoto mai zurfi, ga ɗan katin memori da ke riƙe maka inda ka tsaya. Amma har a lokacin wasa yana zuwa ne a kammale. Abin da ke cikin faifan shi ne wasan, babu ƙari, babu ragi.

A wannan zamani ne gidajen gem suka bazu a unguwanninmu, kuma duk wanda ya shiga ɗaya ya san siffarsu. Shago ne ɗan ƙarami, talabijin biyu ko uku masu ƙeya a jere a kan katako, benci a gaba, janareto yana ruri a waje, yara sun cika ƙofa suna leƙe. Mutum biyu ne ke riƙe da hannu, amma wasan na kowa ne, domin na baya suna ba da shawara, suna ihu, suna ajiye lissafin wanda ya ci wane. Wanda aka ci ya tashi ya miƙa hannu ga na gaba. Sarkin wasannin kuwa shi ne ƙwallon kamfanin Konami, Winning Eleven, wanda daga baya aka fi sani da PES. Sau da yawa faifan na Japan ne, mai sharhi yana ta zuba da harshen da babu mai ji, amma kowa ya haddace inda zai danna ya canza ɗan wasa. Akwai kuma abin da ya sa wasan ya zama namu fiye da kowane: Tijani Babangida, haifaffen Kaduna, ɗan wasan Ajax a lokacin, wanda yake cikin tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa gudu a wasan. A tura masa ƙwallo ta gefen dama kawai, masu tsaron baya su bi iska. Har yau a ƙasashe masu nisa akwai mutanen da suka san sunansa ta wannan hanya. Akwai kuma sashen Master League, inda ake ba ka wasu 'yan wasan ƙirƙira marasa ƙarfi irin su Castolo da Minanda, ka yi ta fafutuka da su kaka bayan kaka har ka tara abin sayen gwanaye. Ba a sayen nasara da kuɗin aljihu a nan. Ko sunayen ƙungiyoyin da kamfanin bai samu lasisinsu ba, irin su Man Red da aka sa wa Manchester United, zama ake yi a gyara su ɗaya bayan ɗaya, a adana a memori, a kwafa wa abokai.

Ba zan ɓoye ɓangaren da bai yi kyau ba. Kusan duk na'urorin an yi musu aikin da zai sa su karɓi faifan kwafi, kuma faifan kwafin ne ya sa talaka ya iya shiga harkar, alhali waɗanda suka yi wahalar ƙirƙirar wasan ba su ga ko sisi daga gare shi ba. Iyaye da malamai kuma suna da hujja a ƙorafinsu. An ga yaran da suka riƙa zille wa makarantar Islamiyya, an ga waɗanda kiran salla yake wucewa suna zaune, an ga inda ake sa kuɗi a kan wasa. Wannan damuwa ba a kanmu aka fara ta ba. A Amurka ma jinin da ke cikin Mortal Kombat ya kai maganar gaban majalisar dattawa a Disamba 1993, abin da ya haifar da tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994. Mu a nan ba mu taɓa ba wannan alama muhimmanci ba, shi ya sa za ka tarar da ɗan shekara goma yana buga GTA: San Andreas, wasan da aka rubuta ƙarara cewa na manya ne. Wannan sakaci namu ne, kuma har yau bai gushe ba.

Idan aka zo ga wasannin yau, duk wanda ya ce babu abin kirki a cikinsu bai zauna ya buga ba ne. A The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017, duk dutsen da ka hango daga nesa za ka iya zuwa ka hau shi, wuta tana cin ciyawa ta bi iska, idan hadari ya taso kana riƙe da ƙarfe tsawa ta faɗo maka. Babu wanda ya tsara maka hanya guda, kai ne za ka haɗa dokokin duniyar ka fitar da taka mafita, kuma wannan shi ne ruhin matakin farko na Mario, an dai faɗaɗa shi ne ya cika ƙasa guda. Masu cewa an daina yin wasa mai wuya su gwada Elden Ring na 2022. Zai kashe ka sau ba adadi, amma kusan kowace mutuwa ka san kuskuren da ya jawo ta, kuma ba ya mayar da kai farkon wasa don ya ɓata maka lokaci. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya ɗauki labarin mutum guda da nadamarsa ya shimfiɗa shi a tsawon awanni masu yawa, da natsuwar da kaset ba zai taɓa iya ɗauka ba. Ko ƙwallon ma, idan aka ajiye son zuciya, yadda ɗan wasa yake karɓar ƙwallo ya juya jiki a yau ya fi na PES 6 kusanci da abin da ake gani a fili.

Akwai kuma ci gaban da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi kyan hoto daraja. A 2018 Microsoft ya fitar da wani hannun gem na musamman domin masu lalurar hannu, wanda ake iya jona masa maɓallan da ake dannawa da ƙafa ko gwiwar hannu. The Last of Us Part II na 2020 ya zo da zaɓuɓɓuka fiye da 60 na sauƙaƙawa, har makafi suka iya buga shi daga farko zuwa ƙarshe ta hanyar sauti. A zamanin kaset babu wanda ya yi tunanin waɗannan bayin Allah. Wanda yatsunsa ba su da sauri, ko idonsa ba ya gani sosai, kallo kawai ne rabonsa.

To, ina matsalar take? Ta fara ne daga ranar da ka kawo na'urar gida. PlayStation 5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499, ma'ajiyarta gigabait 825 ce a rubuce, abin da ya rage maka bayan tsarin na'urar ya ɗauki nasa bai kai 700 ba, alhali manyan wasanni da yawa kowannensu yana cin kusan 100 ko fiye. Ka sa faifai kana murna, sai a ce maka sai ka sauke gyara na gigabait masu yawa tukuna. Wanda yake Tokyo ko Landan da intanet marar iyaka zai tashi ya sha ruwa ya dawo ya tarar an gama. Wanda yake Gusau ko Maraɗi yana sayen data da awo, yana jona na'ura da wayarsa, yana addu'ar kada a ɗauke wuta a tsakiya, shi ya san abin da wannan saƙo yake nufi. Waɗanda suka tsara abin ba su da irinmu a lissafinsu. Mafi muni kuma, damar gyara daga baya ta koya wa wasu kamfanoni sakin wasa kafin ya nuna. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020 cike da matsaloli a kan PlayStation 4, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a Yuni 2021. An gyara shi daga baya ya zama wasa mai kyau, amma wanda ya sayi faifan farko kuma ba shi da intanet, da ɓataccen zai zauna har abada. Haka aka yi da magajin PES, wato eFootball, wanda ya fito a 2021 a yanayin da ya sa kamfanin da kansa ya nemi afuwa.

Sannan sai babbar maganar, ta mallaka. Wasan tseren mota na The Crew ya fito a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, da yawa a faifai. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da wasan ya dogara da su, daga ranar kuwa ko kai kaɗai kake son yin tuƙi ba zai buɗe ba. Faifan yana hannunka lafiya lau, wasan babu. Wannan ne ya tayar da gangamin da ake kira Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 1 a Tarayyar Turai a 2025, yana neman a wajabta wa kamfanoni barin wasa a yanayin da za a iya buga shi bayan sun janye hannunsu. Jihar Kalifoniya ma ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake biya wa, ba mallaka ba. A hankali kuma ana rufe ƙofar faifan gaba ɗaya: Xbox Series S ba ta da wurin sa shi, PlayStation 5 Pro da ta fito a 2024 a kan dala 699 ita ma haka ta zo, sai dai ka sayi abin karanta faifan daban. Wasan da aka sauke ba a ba da aronsa kamar kaset, ba a kai shi kasuwa a sayar a cika kuɗi a sayi wani, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Nintendo ya rufe shagunan intanet na Wii U da 3DS a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yuli 2024, wasannin da ba su taɓa fitowa a faifai ba suka daina samuwa ga sabon mai saye. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu ta kowace halastacciyar hanya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda aka shigo da wani abu mai kama da caca cikin wasan da yaranmu suka fi so. Tun 2009 wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, yake da sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa da kuɗi na gaske ba tare da an san wa ke ciki ba. Ka biya, a yi maka walƙiya da kiɗa, wataƙila gwarzo ya fito, galibi kuwa wanda ba ka buƙata ne, sai zuciya ta ce ƙara gwadawa. Idan sabuwar shekara ta zo da sabon wasa, ƙungiyar da ka gina ba ta biyo ka, sai ka koma farko. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce, kuma a farkon 2019 kamfanin ya daina sayar da kuɗin wasan a ƙasar. Mu da addininmu ya yi hani bayyananne a kan caca, ya kamata a ce mun riga Beljiyam lura da wannan. A gidan gem na da, idan yara suka sa kuɗi a kan wasa, babba yana iya gani ya tsawatar. Wannan kuwa yana faruwa ne a cikin ɗaki, tsakanin yaro da allo, kuma shi kansa wasan ne yake kiransa. Idan aka ajiye Master League kusa da Ultimate Team, a ɗaya haƙuri da iyawa ne suke gina ƙungiya, a ɗayan kuma aljihu yana iya yanke hanya.

Na san dalilin da kamfanoni suke bayarwa, kuma ba ƙarya ba ne. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220 kafin a kammala shi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai so yin kasada ba, don haka sai a yi ta maimaita abin da aka san yana sayuwa, a kuma nemi hanyar tatsar wasa ɗaya shekara da shekaru. A kan PlayStation 2 an samu GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004. GTA V kuwa da ya fito a 2013 shi aka yi ta sake sayarwa a kan PlayStation 3 da 4 da 5. Farashin wasa guda ya tashi zuwa dala 70, Nintendo ma ya kai Mario Kart World dala 80 a 2025, duk wanda yake samun kuɗinsa da naira ko sefa kuma ya san nauyin wannan. Inda nake samun sanyi shi ne wajen ƙananan masu ƙirƙira. Stardew Valley na 2016 mutum ɗaya ne ya yi shi, Eric Barone, Hollow Knight na 2017 kuma wasu 'yan tsiraru ne a birnin Adelaide na Ostireliya. Ba su da nauyi, ba su da tsada, ba sa neman intanet bayan an sauke su, kuma sun gaji abin da ya fi kyau a tsofaffin wasanni ba tare da zaluncinsu ba. Mai kewar zamanin kaset a nan ya kamata ya duba, maimakon ya tsaya yana zagin zamani.

Saura batun zama tare. Tun daga PlayStation 4 sai ka biya kuɗin wata-wata kafin ka buga yawancin wasanni da wani ta intanet, kuma ko ka biya, nisan da ke tsakaninmu da kwamfutocin kamfanonin yakan sa ka danna yanzu ɗan wasanka ya motsa daga baya. A gefe guda kuma manyan wasanni da dama sun watsar da tsarin raba allo biyu, Halo 5 na 2015 misali ne sananne, domin mutum biyu a kan na'ura ɗaya ciniki ɗaya ne, a gidaje biyu kuwa ciniki biyu. Da It Takes Two ya fito a 2021, wasan da ba ya buguwa sai da mutum biyu, ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara, alamar cewa ba 'yan wasa ne suka gaji da zama tare ba. Gidajen gem namu ma shaida ne, domin har yau suna cika, an dai sauya talabijin mai ƙeya da na bango, ƙwallo ce dai ake bugawa, mutum biyu a benci ɗaya, babu intanet. Saboda haka idan wani ya nemi shawarata zai saya wa gidansa na'ura, nakan ce ya sayi mai karɓar faifai ko da ta hannu ce, ya haɗa da hannu biyu tun ranar farko, ya ajiye ta a falo ba a ɗakin yara ba, ya duba alamar shekaru a jikin kowane wasa, kada kuma ya bar katin bankinsa a jone da asusun. Kafin ya biya kuɗin kowane faifai, ya tambayi mai shago ko wasan zai buɗe idan babu intanet, in ya yiwu a gwada a gabansa.